Tsiron Fata a Jikin Yara: Kada Magani Ya Fi Ciwon Illa

Jama'a masu sauraro, iyayena mata da ke tsakar gida, iyaye maza a kasuwa da bakin aiki, malaman makarantun allo da na boko, barkanmu da warhaka. Daga nan unguwar Pumpumre a birnin Garwa nake gaishe ku, har zuwa Yelwa da Rumde Ajiya da Fulbere, da ƙauyukan bakin kogin Binuwai. Yau shirinmu na kiwon lafiya zai tsaya a kan ɗan tsiron nan da ke fito wa yara a yatsu, a gwiwa, ko a tafin ƙafa.

Duk uwa ta san shi. Ɗan tudu ne mai tauri, galibi bai wuce ƙwayar dawa ba, samansa da kaushi, launinsa kusan na fatar yaron. In kika duba shi a hasken rana za ki ga ɗige-ɗige baƙaƙe a cikinsa. Wasu kan ce saiwarsa ce, alhali kuwa ƙananan jijiyoyi ne da jini ya daskare a cikinsu. Na hannu bai cika ciwo ba. Na tafin ƙafa shi ne mai wahalarwa, domin nauyin jiki yana danna shi ciki, sai ki ga yaro yana taka gefen ƙafa, yana ɗingishi a hanyar makaranta. Akwai kuma ƙanana masu santsi, waɗanda kan fito da yawa a fuska ko bayan hannu.

To, me ke kawo shi? Ba sammu ba ne, ba kuma kambun baka ba. Ƙwayar cuta ce ta bairas da likitoci ke kira HPV, wadda ke da ire-ire sama da 100. Tun a shekarar 1907 wani likitan Italiya, Giuseppe Ciuffo, ya tabbatar ana ɗaukarsa: ya tace ruwan tsiron, ya sa wa fatar hannunsa, bayan watanni tsiro ya fito masa. Ƙwayar tana shiga ta inda fata ta yage, ko da ɗan ƙarcen farce ne. Ku tuna yadda hunturu ke busar da fatar yaranmu a nan Garwa, ƙafa ta yi faso, hannu ya tsattsage, ga su kullum ba takalmi a filin ƙwallo da bakin famfo. Ga cin farce da haƙora, ga soso ɗaya da tawul ɗaya na wankan yara biyar. Ta nan take samun ƙofa. Kuma takan yi watanni a ɓoye kafin tsiron ya bayyana, saboda haka kada a ɗora wa ɗan maƙwabta laifi.

Iyayena mata, ga maganar da nake so ku riƙe. Jikin yaro da kansa yake korar wannan tsiro. Kusan rabin yaran da ke da shi suna rabuwa da shi cikin shekara 1, kashi biyu cikin uku kuwa cikin shekara 2, ba tare da an sa komai ba, kuma ba ya barin tabo. Shi ya sa kowane magani yake da mai shaidarsa. Za ki ji an ce, "Wance ta shafa kaza, sati uku ya faɗi." Sau da yawa lokacin tafiyarsa ne ya yi.

Abin da ke ta da mini hankali shi ne abin da ake yi wa yara saboda gaggawa. Ana ɗiga musu nonon tumfafiya, wanda in ya shiga ido yana iya taɓa gani, yaro kuwa ba ya raba hannu da ido. Ana sa man ɓawon ƙwallon kanju, ana sa ruwan batir, ana ɗaure dakakkiyar tafarnuwa ta kwana, da safe a tarar fata ta saɓule. Ana yankewa da reza, ana ƙonawa da ƙusa mai zafi. Reza ta kai ƙwayar cutar wani wurin, miki ya ruɓe, har a buɗe wa ciwon sarƙe haƙora hanya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ruwan ɗanyen gwanda da lemun tsami ma, ko da yake an saba da su, babu hujja mai ƙarfi cewa suna warkarwa, kuma suna iya cin fatar yaro.

Me za a yi a gida, ba tare da cutarwa ba? Da dare a jiƙa wurin cikin ruwan ɗumi kamar minti 5 zuwa 10, har saman tsiron ya yi laushi. A goge mataccen saman a hankali da ɗan dutsen goge ƙafa, a tsaya kafin jini ya fito, kuma wannan dutse kada kowa ya ƙara taɓa shi. A busar da wurin, a rufe da filasta, domin yaro ya daina sosawa da ɓantara. In ana son magani, a je famasi a nemi na tsiro mai sinadarin salisilik, shi ne wanda bincike ya fi tabbatar da amfaninsa. A shafa basilin a kewaye don kare lafiyayyar fata, a ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai, kullum sau ɗaya. Yana iya ɗaukar har mako 12, sai an yi haƙuri. Ba a sa shi a fuska, ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba sai da izinin likita.

Akwai lokacin da ba a zama a gida. In tsiron yana fuska, kusa da ido, ko a al'aura da dubura. In yana zubar da jini ko yana sauya kama. In ya hana yaro tafiya. In ya bazu ko'ina ga yaro mai yawan laulayi da ramewa. Ko in yaron yana da ciwon suga, to a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Yanki na Garwa. Bazuwar tsiro da yawa takan nuna garkuwar jiki ta yi rauni, sai an duba dalili.

Wata uwa za ta ce, "Ashe ba HPV ce ake wa 'yan mata rigakafinta ba?" Ita ce, amma ire-iren sun bambanta. Allurar da Kamaru ta sa cikin rigakafin yara a 2020, ga 'yan mata masu shekara 9, tana kariya ne daga ire-iren da ke kawo sankarar bakin mahaifa. Tsiron yatsa ba ya cikinsu, kuma ba ya komawa sankara. Ku kwantar da hankali a kan tsiron, ku kuma kai 'ya'yanku a yi musu allurar.

Malamai, ina roƙonku kada a kori yaro daga aji saboda tsiro, kada kuma a bari 'yan'uwansa su riƙa tsokanarsa har ya koma ɓoye hannu a riga. A rufe wurin, ya ci gaba da karatunsa. A gida kuwa kowane yaro da sosonsa da tawul ɗinsa, a yanke farce, a shafa mai lokacin hunturu, a sa takalmi.

Nan za mu dakata a yau. Wadda ta ji ta gaya wa maƙwabciyarta, musamman maganar tumfafiya da reza. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.