Haɗa Kwamfuta da Kuɗi Kaɗan a Ƙasar Zafi da Ƙura

Jawabin da aka gabatar ga taron ɗalibai a Aliero



An nemi in yi magana a kan yadda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai zaɓi kayan haɗa kwamfuta wadda za ta ɗauki wasanni irin su eFootball, kana ta ɗauki aikin karatu irin su AutoCAD, alhali kuwa aljihunsa ba nauyi. Kada wani ya ɗauki zancen wasa ne. Kuɗin da za a kashe, sau da yawa na albasar da mahaifi ya kai kasuwa ne, ko albashin watanni da aka tara da ƙyar. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tsada ƙwarai.

Mafi yawan shawarwarin da muke karantawa a intanet, mutanen Ingila da Amurka ne suka rubuta su, inda wuta ba ta yankewa, iska kuma da sanyi. Su sukan fara da katin hoto. Mu a Jega da Aliero da Maiyama, tilas mu fara da wuta. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, da hunturu ƙura ta rufe ko'ina, lantarki kuwa wani lokaci ya zo da rauni, wani lokaci da ƙarfin da zai ƙona kaya.

Saboda haka abu na farko shi ne akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar. Nan ne mutane suka fi yin ƙwauro, nan ne kuma ƙwauro ya fi cutarwa, domin in ya ƙone yakan tafi da sauran kayan. A nemi mai tambarin 80 Plus, na kamfani sananne, mai wat 450 zuwa 550. A haɗa da sitabilaiza ko UPS, a lissafa kuɗinsu tun farko cikin kuɗin kwamfutar.

Na biyu, firosesa, watau ƙwaƙwalwar injin. Shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce irin Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a shekarar 2021. Yana da sashen hoto a cikinsa, wutar da aka ƙayyade masa wat 65 ce. Ma'anar wannan ita ce mutum zai fara aiki ba tare da sayen katin hoto ba, ƙaramin janareto ko sola kuma za su riƙe shi. Amma a lura, kowane firosesa da irin mazauninsa. Wannan na AM4 ne, lalle babban allon da za a saya ya zama na AM4, RAM kuma ta zama DDR4. A sayi guda biyu masu gigabait 8, domin sashen hoton ya fi sauri da biyu a kan guda ɗaya mai 16. Wajen ajiya kuwa, SSD mai gigabait 500 ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri.

Na uku, katin hoto, in hali ya samu daga baya. A nan akwai tarko. Katin RX 580 na 2017 yana da araha a gwanjo, amma yana shan wat 185, da yawansu kuma sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum ta daina haƙa a watan Satumban 2022. GTX 1650 na 2019 bai kai shi ƙarfi ba, amma wat 75 kawai yake sha, zafinsa kaɗan. A ɗakin ɗalibi mai rufin kwano, wannan bambanci babba ne.

Masu sayen tsohuwar kwamfutar ofis su gyara, su sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar firosesan Intel da ya gaza zubi na 8. Araha ba ta ado. Ko a Farm Centre ta Kano za a saya, ko a Computer Village ta Ikeja, kada a aika kuɗi a kan hoto. A sa wanda aka amince da shi ya kunna kayan a gabansa, ya bar su su yi aiki har su ɗauki zafi, a kuma karɓi rasit.

Daga ƙarshe, a bar fitilu masu launi da akwatin gilashi. A sa kuɗinsu a fanka biyu da ragar tace ƙura, a ɗora kwamfutar bisa tebur, a riƙa hure ta kowane wata lokacin hunturu.

'Yan'uwa, an kafa wannan jami'a a 2006 domin ta fitar da masu sanin cikin inji. Ɗalibin da ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa, ya san dalilin kowace Naira da ya kashe, ya samu sana'ar da Jega da Maiyama suke bukata.