Lu'ulu'un Saliyo da Kujerar 'Yan Kallo

Jawabin da aka gabatar a taron muhawara na Ƙungiyar Ɗalibai



An saba gaya mana cewa harkar waje da ta tsaron ƙasa aikin jakadu ne da hafsoshin soja, talaka sai dai ya ji a rediyo. Muna so mu auna wannan magana da labari guda ɗaya, labarin da sojojinmu suka zubar da jini a cikinsa.

Daga 1991 zuwa 2002 Saliyo ta sha yaƙin basasa. 'Yan tawayen RUF na Foday Sankoh sun kame filayen lu'ulu'u na gabashin ƙasar, suna fitar da shi ta Laberiya, inda Charles Taylor yake musanya musu shi da makamai. Dutsen yakan ƙare a kasuwar Antwerp ta Beljiyam, ba mai tambayar daga wane rami ya fito. Rundunar ECOMOG, wadda yawancinta 'yan Nijeriya ne, ta mai da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998, amma a Janairun 1999 sai ga 'yan tawaye a tsakiyar Freetown suna ƙone-ƙone suna datse hannuwan mutane. Wato muna yaƙi a Afirka ta Yamma, kuɗin harsashin da ake harbinmu da shi yana fitowa daga kantunan Turai. Wannan cuta ba yadda yanki ɗaya zai magance ta shi kaɗai.

To wa ya tona asirin? Ba ma'aikatar harkokin waje ba ce. A 1998 wata ƙaramar ƙungiya ta Landan, Global Witness, ta buga rahoto a kan yadda UNITA ta Jonas Savimbi take ciyar da yaƙin Angola da lu'ulu'u. A Janairun 2000 ƙungiyar Partnership Africa Canada ta fitar da nata a kan Saliyo, kuma cikin marubutansa har da ɗan ƙasar, Lansana Gberie. Abin da suka yi ba sihiri ba ne: sun ɗauki lissafin kwastan na Beljiyam, suka nuna cewa abin da aka rubuta ya shigo daga Laberiya ya ninka abin da ramukan Laberiya za su iya bayarwa nesa ba kusa ba. 'Yan kasuwa suka tsorata kada masu saye su ƙaurace wa hajarsu. A Mayun 2000 aka zauna a garin Kimberley na Afirka ta Kudu, a 2003 kuwa tsarin takardar shaida ya fara aiki: ɗanyen lu'ulu'u ba zai ƙetare iyaka ba sai da takardar gwamnati, kuma ba ciniki da ƙasar da ba ta cikin tsarin. Ƙasashen Afirka masu haƙa, da Tarayyar Turai a matsayin wakili guda, da Indiya da Amurka suka haɗu a teburi ɗaya. Tsarin ya taɓa nuna haƙori, domin a 2004 an kori Kwango Brazzaville saboda tana fitar da abin da ba ta haƙa ba.

Amma a nan ne gizo ke saƙar. Ƙungiyoyin da suka haifi tsarin kujerar 'yan kallo aka ba su. Suna magana, ba su da ƙuri'a, kuma ba a zartar da kome sai dukan gwamnatoci sun yarda. Sa'an nan ma'anar da aka ba "lu'ulu'un yaƙi" ita ce wanda 'yan tawaye suke amfani da shi don yaƙar halattacciyar gwamnati. In gwamnati ce da kanta ta yi kisan fa? A 2008 sojojin Zimbabuwe suka afka wa masu haƙa a Marange, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 200. Duk da haka a 2011 aka ba lu'ulu'un Marange izinin shiga kasuwa. A Disambar wannan shekara Global Witness ta tattara nata-ya-nata ta fice, a 2017 takwararta ta Kanada ta bi sahu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wasu daga cikinmu za su ce ai ƙungiyoyin nan na Turawa ne, da kuɗin Turawa suke aiki, wa ya zaɓe su? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai mu tuna cewa bayan ficewar waɗancan, waɗanda suka zauna a kan kujerar, yawancinsu ƙungiyoyin Afirka ne daga Saliyo, Laberiya, Kamaru, Kwango da Zimbabuwe, mutanen da suke ganin ramukan da idonsu, wasu har sun kwana a kurkuku saboda haka. Su ne suka yi ta neman a faɗaɗa ma'anar nan ta haɗa da zaluncin sojan gwamnati da na sojan haya, gwamnatoci kuwa suna ɗage maganar daga wannan taro zuwa wancan.

Da yawanmu gobe za mu zauna a ofisoshin kwastan, ko ma'aikatar ma'adinai, ko ta harkokin waje. Zinariyar da ake haƙa a Zamfara tana fita ta hanyoyin da ba a rubuta ba, kuma ba ta da wani tsari irin na Kimberley, ko da mai rauni. Muna roƙon wakilan ma'aikatu da suke tare da mu yau su gaya mana, lokacin tambayoyi, ko lissafin fitar da ita yana nan, kuma ko ɗalibi zai iya ganinsa.