Mu San Ma'anar "Furuf" Kafin Mu Sa Hannu

Mu 'yan kasuwar Sabon Ibadan kullum muna kai aikin rasit, kalanda da katin ɗaurin aure Mokola, amma da yawanmu ba mu san furuf ba. Kalmar Turanci ce, wato kwafin gwaji da maɗaba'a ke ba mutum ya duba kafin a ɗora aiki kan inji. Da zarar ka sa hannu, to duk kuskuren da ya fito naka ne.

Mun taɓa sa hannu cikin gaggawa, aka buga mana "manyan baki" maimakon "manyan baƙi". Kati 500 suka tafi a banza, ga kunya!

Yawancin masu injin nan ba su jin Hausa. Saboda haka mu karanta a tsanake, musamman sunaye, ranaku da ayoyi. Allah Ya sa mu dace, amin.