Jirgin Yaƙin Sin Mai Layar Zana: Laccar Magatakarda Ga 'Yan Kasuwa



A taron da ya wuce wani ɗan'uwa mai sayar da tocila ya miƙe ya yi tambaya. Ya ce ya ji a rediyo wai mutanen Sin sun ƙera jirgin yaƙi wanda ba a ganinsa, alhali kuwa tocilan Sin da ke rumfarsa ba ta kwana arba'in sai ta mutu. To, yaya mai wannan zai iya wancan? Jama'a suka yi dariya, mu ma muka yi. Amma da muka koma gida muka ga tambayar ta fi ƙarfin dariya, saboda haka ga abin da muka tattaro muku.

Da fari dai, kada wani ya zaci jirgin ɓacewa yake yi kamar mai layar zana a tatsuniya. In ya bi ta kanku da rana tsaka za ku gan shi sarai. Abin da yake ɓuya wa shi ne wata na'ura da ake kira rada. Aikinta kamar na jemage ne cikin duhu, ko kamar mutum ya yi kuwwa a gindin dutse ya saurari amsa-kuwwa. Tana harba igiyar rediyo sama, in ta bugi jikin jirgi sai ta komo, masu tsaro su san ga jirgi can, ga nisansa, ga inda ya dosa. Dabarar maƙeran kuwa ita ce su hana amsar komowa. Sai su sassaƙa jikin jirgin a karkace yadda igiyar za ta goce ta nufi wani gefe, su shafe shi da wani irin shafi mai shanye ta, sa'an nan su ɓoye makamai cikin cikinsa maimakon su rataye su ƙarƙashin fiffike. Ƙaton jirgi sai ya bayyana a na'urar ɗan mitsitsi, kafin a farga ya iso. Amurka ce ta fara wannan da jirginta F-117, wanda ya tashi a 1981. Layar ma tana karyewa, gama a 1999 sojan Sabiya sun harbo guda.

Yanzu mu koma Sin. A 1956 ne suka ta da jirginsu na farko mai injin jet a birnin Shenyang, sunansa J-5. Kwaikwayon jirgin Rasha ne tun daga hanci har wutsiya, da taimakon gwanayen Rasha. A 1960 aka ɓata tsakanin ƙasashen biyu, Rasha ta kwashe gwanayenta ta bar su da aiki rabi da rabi. Shekara da shekaru suna ta juya tsofaffin samfurori, duniya na yi musu kallon masu kwaikwayo, yadda mu ma a kasuwa muke cewa kayan Sin jabu ne.

A 2009 Sakataren Tsaron Amurka, Robert Gates, ya faɗa a bainar jama'a cewa har 2020 Sin ba za ta mallaki irin wannan jirgi ba. Ran 11 ga Janairu 2011, shi Gates ɗin yana Beijing ziyara, sai ga jirgin J-20 ya tashi karo na farko a birnin Chengdu, hotuna suka bazu duniya. Ya tambayi Shugaba Hu Jintao, aka ce masa ai dacewa ce kurum. To, ku 'yan kasuwa kun san irin wannan dacewa, ranar da mai raina ka ya zo rumfarka ita ce ranar da za ka baje sabon kaya. An nuna jirgin ga jama'a a bikin jiragen sama na Zhuhai a 2016, ya shiga aikin soja a 2017. Masu lura daga waje sun ƙiyasta an ƙera fiye da 200, Amurka kuwa ta tsayar da ƙera nata F-22 tun tana da 187.

Ba su tsaya nan ba. Masana'antar Shenyang ta ta da nata samfurin a 2012, aka yi ta gyara shi har ya zama J-35, aka nuna shi a Zhuhai a 2024. A 2025 suka nuna yadda ake cilla shi sama da ƙarfin lantarki daga kan babban jirgin ruwansu Fujian. Ran 26 ga Disamba 2024 kuma, watau ranar haihuwar Mao, aka hangi wani sabon jirgi marar wutsiya mai inji uku yana shawagi bisa Chengdu, hukuma ba ta ce uffan ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan muke so maƙera da makanikai da ke cikinku su kasa kunne. Jikin jirgi bai kai injinsa wuya ba. Cikin injin jet akwai waɗansu ƙananan fukafukai na ƙarfe masu juyawa sau dubbai a minti guda, cikin wutar da zafinta ya isa ya narkar da ƙarfen kansa. Don kada su narke sai a zuba kowane ɗaya ya fito ƙwaya guda ba gaɓa, a huda masa 'yan ramuka iska mai sanyi na bi. In guda ya tsage, inji ya tafi, watakila da matuƙi. Wannan sani ba a samunsa daga hoto, sai an ɓata dubu kafin a gyara ɗaya. Shi ya sa J-20 na farko, duk da kirarin da aka yi masa, da injin Rasha ya tashi. Riga taka, zuciya ta maƙwabci. Sai a 2016 gwamnatinsu ta tara masana'antun inji ƙarƙashin kamfani guda, daga baya aka sa wa jirgin injin gida WS-10, aka kuma shiga gwada wanda ya fi shi ƙarfi, WS-15.

Akwai kuma zancen sata, ba za mu ɓoye muku ba. A 2016 wani ɗan kasuwar Sin, Su Bin, ya amsa laifi gaban kotun Amurka cewa ya haɗa baki aka kutsa kwamfutocin kamfanoni aka kwashi asirin jiragen soja, har da na F-22 da F-35. An ɗaure shi wata 46. Sai dai wanda ya saci takardar ɗinki bai zama tela ba sai ya iya zare da allura. Har wa yau J-20 bai taɓa shiga yaƙi ba, Sin kuwa rabonta da babban yaƙi tun na Biyetnam a 1979. Inda ake tsoron a gwada shi shi ne kan tsibirin Taiwan, Allah shi kiyaye, gama ta wannan teku kayan rumfunanmu da yawa ke biyowa.

Burinsu bai tsaya ga yaƙi ba. Suna so su karya cinikin Boeing da Airbus, kamfanoni biyu da suka mamaye jiragen fasinja. Sun kafa kamfanin COMAC a Shanghai a 2008, jirginsa C919 ya tashi a 2017, ya fara ɗaukar fasinja ran 28 ga Mayu 2023 daga Shanghai zuwa Beijing. Injinsa fa? Na haɗin gwiwar Amurka da Faransa ne. A 2025, da rigimar ciniki ta yi zafi, Amurka ta dakatar da sayar musu da shi na 'yan makonni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ga amsarka, ɗan'uwa mai tocila. Ƙasa guda ce ke yin duka biyun. Dillalin da ya je Guangzhou ya ce a yi masa mai araha, mai araha za a yi masa. Gwamnatinsu kuwa da ta so jirgi, ta biya makarantu da injiniyoyi shekara hamsin ba ta gaji ba.

Wannan naci mun yaba masa. Amma mu 'yan hamayya ne, tilas mu tambaya, wa ya biya, wa aka shawarta? Kasafin sojan Sin na 2025 ya kai yuwan tiriliyan 1.78. A 2020 kuwa Firayim Ministansu na lokacin, Li Keqiang, da bakinsa ya ce mutum miliyan 600 a ƙasar abin da suke samu a wata bai wuce kamar yuwan 1,000 ba. A can babu jam'iyyar hamayya da za ta tara talakawa kamar yadda muka taru yau, babu jarida irin tamu da za ta ce a kawo lissafi. Masu mulki na kowace ƙasa suna sha'awar wannan shiru fiye da yadda suke sha'awar makarantun, saboda haka in kun ji wani babba na cewa mu yi koyi da Sin, ku tambaye shi wanne daga ciki yake nufi.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. A 2005 Nijeriya ta yi odar jiragen F-7 guda 15 daga Sin, jikokin wani jirgin Rasha na shekarun 1950. A 2021 ta karɓi JF-17 guda 3, wanda Sin da Pakistan suka haɗu suka ƙera, injinsa na Rasha. J-20 kuwa ba su sayar wa kowa ba. Da harajinku aka sayi waɗancan, da harajinku ake sayo kayan gyaransu daga waje. Saboda haka za mu rubuta wa wakilanmu su tambaya a Majalisa, guda nawa ke tashi yau, nawa aka kashe wajen gyara, kuma yaranmu nawa aka koya wa buɗe injin. In amsa ta zo za mu buga ta a wannan jarida.

Shugaba ya ɗaga mana hannu, lokacin salla ya ƙarato. Mai tambaya ya miƙe, amma a bar mai tocila ya fara.