Bashi da Diyaucin Ƙasa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya



Da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, ya ce in yi magana a kan ilimi, tun da alli na riƙe shekara 35. Na roƙe shi ya bar ni in taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, wato yadda hukumomin duniya suke sa hannu cikin sha'anin ƙasarmu, har ya zamana tuta tamu ce amma alƙalamin yana hannun wasu.

Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda kuka fi sani da IMF, da ɗan'uwansa Bankin Duniya, an yanke shawarar kafa su ne a Amurka a 1944, lokacin da muke ƙarƙashin Turawa. Nijeriya ta shiga a 1961. A wannan asusu ƙuri'a ba ta tafiya da yawan jama'a, da yawan kuɗin da ƙasa ta zuba take tafiya. Amurka kaɗai tana da fiye da kashi 16 cikin 100, alhali manyan shawarwari sai da kashi 85 suke wucewa. Wanda ya yi lissafin aji huɗu ya san abin da wannan yake nufi: in ta ce a'a, an gama magana. Namu rabon bai kai kashi 1 ba. Kuma al'adarsu tun farko ita ce shugaban Asusu ya fito daga Turai, na Banki kuwa Amurka ce take tsayar da shi.

A 1985 ina ƙaramin malami, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, Janar Babangida ya ce talakawa su yi muhawara a kan ko a karɓi bashin IMF. Aka yi ta a rediyo, a jaridu, a bakin kasuwa, har mu ma a ofishin malamai mun yi tamu. Jama'a suka ce ba su so. A watan Disamba gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓa ba. Muka yi murna. Ashe bashin kawai aka ƙi, sharuɗɗansa kuwa sun shigo ta taga. A tsakiyar 1986 aka ƙaddamar da shirin SAP, aka ce mana na gida ne, amma da ka duba sai ka ga shi ne dai abin da Asusu yake nema tun zamanin Shagari: a karya darajar naira, a janye tallafi, a buɗe iyaka ga kayan waje, a sayar da kamfanonin gwamnati.

Samarinmu ba za su yarda ba in na ce a 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A watan Satumba na 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, nan take dala ta koma wajen naira 4. Ni a cikin aji na ga sakamakon. Littattafan karatu da ake kawo mana kwali-kwali suka ɗauke. Yara biyar suka koma leƙen littafi ɗaya. Albashin da yake kai malami ƙarshen wata ya daina wuce ranar goma sha biyar, ƙwararrun abokan aikina suka ajiye alli, wani ya kama tireda, wani ya shiga tuƙi. Da na zama hedimasta, rabin aikina ya zama roƙon iyayen yara kuɗin alli da na gyaran benci. A wannan shekara ta 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga da ta gyaɗa. Ba na cewa hukumomin nan waliyyai ne, sun sha danne manomi a farashi. Amma dattawan da suke zaune a nan sun tuna lokacin da manomi yake samun iri, ya kai kayansa fuloti a auna, ya san nawa za a ba shi tun kafin ya tsinka. Aka tsige wannan ba a dasa komai a gurbinsa ba. Masaƙun Kakuri da suka ɗauki 'ya'yanmu aiki suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu ta tsaya a 2007.

Maƙwabtanmu na Nijar sun kwana ranar 11 ga Janairu 1994, suka wayi gari an raba darajar sefa biyu, bisa matsin Faransa da Asusu. Ba a tambayi mai sayar da albasa a Galmi ba.

To, amma gaskiya ɗaya ce: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu wanda ya ɗaure shugabanninmu ya kai su cin bashi. Kuɗin mai na shekarun 1970 mu muka watsar da shi. Masaƙu kuma, ban da kayan waje, rashin wuta da fasa-ƙwauri sun kashe su, masu fasa-ƙwaurin nan kuwa ba daga Washinton suka zo ba. Haka kuma ba zan manta ba, aikin gona na Funtuwa, Gusau da Gwambe da Bankin Duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 1970 ya kawo hanyoyin karkara da taki. Abin da nake ƙi shi ne a zartar da hukunci a kan gero da makarantar ɗana a ɗakin da ba ni da wakili mai murya, wanda ya yanke hukuncin kuma ba zan iya kayar da shi a zaɓe ba in ya yi kuskure.

A 2005 ƙasashen Turai da sauran masu bin mu suka yafe dala biliyan 18, mu kuma muka biya wajen biliyan 12, aka ce mun fita ƙangi. Ko wannan yafiyar sai da Asusu ya sa hannu a kan tsarin tattalin arzikinmu kafin ta tabbata. Ba a yi shekara ashirin ba muka sake cika buhu da bashi. A 2023 aka janye tallafin mai, aka saki naira, Asusu da Banki suka yaba, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Ku da kuke biyan haya da kuɗin mota a birni kun fi ni sanin sauran. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana gabanku shi ne, na ji ana shirin nemo wa garinmu tallafi daga waje don rijiyoyin burtsatse da ɗakin shan magani. Ban hana ba, ruwa muke bukata. Roƙona ga shugaban ƙungiya shi ne, kafin kowa ya sa hannu, a fassara takardar yarjejeniyar da Hausa, a karanta ta a ƙofar fada, mu ji wa zai mallaki filin, wa zai gyara injin in ya lalace, kuma me ake so mu bari a madadinsa. Muna da lauyoyi da akantoci a cikin wannan rumfa. Ni kuma, in an yarda, zan ɗauki nauyin fassarar kyauta, ku dai ba ni mako biyu saboda idanu sun fara gajiya.