Binciken Likitoci a Kan Kuturta: Jawabi ga Hakimai da Malaman Gunduma

Ciwo iri biyu ne. Akwai mai zuwa da gaggawa, kamar sanƙarau, wanda cikin 'yan kwanaki a kan san inda aka kwana. Akwai kuma mai zama a jiki shekara da shekaru, yana cin mutum sannu a hankali. Kuturta tana cikin irin na biyun. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa hakimai da malamansu yadda likitoci suka gano asalinta da maganinta, sa'an nan a nuna aikin da ya rage, wanda ba ya yiwuwa sai da hannun shugabannin ƙasa.

Tun zamanin da, mutane sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu game da asalin wannan ciwo. Wasu su ce gado ne, wasu su ce sammu ne, wasu kuwa su ɗora wa abinci laifi. A shekarar 1873 wani likita mai suna Hansen, a birnin Bergen ta ƙasar Norwe, ya ɗebi ɗan nama daga jikin masu ciwon, ya duba da madubin likita, sai ya ga waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu kama da tsinke. Su ne ke kawo kuturta. Daga baya aka gane sun fi fita ta hanci da baki, cikin majina da atishawa, daga mai ciwon da bai fara shan magani ba. Ba ta kama mutum sai da doguwar cuɗanya, watau zama tare wata da watanni. Gaisawa da hannu ko haɗuwa a kasuwa ba sa kawo ta. Har wa yau an gane cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu ya kan kashe ƙwayar da kansa.

Wannan ƙwaya tana da nawa ƙwarai. Waɗansu ƙwayoyin cuta su kan rabu biyu cikin abin da bai kai sa'a guda ba, amma ita sai ta yi kamar mako biyu. Dalili ke nan da ya sa mutum ya kan yi shekara 5 da ita kafin alama ta fito, wani ma har 20. Ga shi kuma ba ta yarda ta hayayyafa cikin kwalba kamar sauran, abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu bincike hannu. Sai a 1960 wani likitan Amurka, Shepard, ya sami dabarar renonta a tafin ƙafar ɓera, a 1971 kuma aka ga tana kama wata dabbar Amurka mai ɓawo a gadon baya, wadda a ke kira amadilo. Da haka aka sami hanyar jarraba magunguna.

Maganin da aka daɗe da shi shi ne man wani itace na ƙasar Indiya. Allurarsa akwai zafi, amfaninsa kuwa kaɗan ne. A 1941 Likita Faget, a asibitin kutare na Carville cikin Amurka, ya jarraba wata allura mai suna Promin, ya ga gyambuna suna warkewa. Asalin ƙarfin allurar nan daga wani magani ne da a ke kira dafson, wanda a lokacin a ke tsoro sabo da dafinsa. A nan Nijeriya aka warware wannan matsala. Wajen 1949, a Uzuakoli cikin ƙasar Ibo, Likita John Lowe ya nuna idan aka ba da shi kaɗan kaɗan, ana iya haɗiyarsa ba tare da lahani ba, ga shi da araha. Kafin wannan, sai dai a tara masu ciwo a wuri guda, kamar Garkida, da Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Da ƙwayar dafson ta samu, cikin shekarun 1950 aka bubbuɗe wuraren ba da magani a ƙauyukan Arewa, mutum ya karɓa ya koma gonarsa.

Amma dafson shi kaɗai sai a yi shekaru ana sha, wani har iyakar ransa. Mutane da yawa suka riƙa sha suna bari. A 1964 aka tabbatar a ƙasar Maleshiya cewa ƙwayar cutar ta fara gagarar maganin. Allah Ya sa masu bincike ba su zauna ba. An riga an haɗa wani magani, kulofazimin, a ƙasar Ailan, kuma a Uzuakoli ɗin nan Likita Stanley Browne ya jarraba shi, ya bayyana amfaninsa a 1962. Wajen 1970 aka ga wani kuma, rifamfisin, yana kashe ƙwayar da sauri ƙwarai. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa haɗa magungunan, domin ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama ta. Mai ƙaramin ciwo ya kan sha wata 6, mai babba wata 12. Tun 1995 kyauta a ke ba da su ko'ina a duniya. Wanda ya fara sha kuwa ya daina sa wa kowa.

Akwai wani bincike da ya kamata a riƙe da kyau. A da ana zaton ciwon ne ke cinye yatsu. Likita Paul Brand, a Vellore ta Indiya, ya nuna ba haka ba ne. Ƙwayar tana kashe jijiyar da ke sa a ji zafi. Sai mace ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni a kanta. Rauni ya ruɓe, ya ci ƙashi, yatsa ya gutsure. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya tayar da jijiyar da ta daɗe da mutuwa, ba ya kuma mayar da yatsan da ya tafi. Ashe jinkiri ne ke naƙasa mutum, kunya kuwa ita ce uwar jinkirin.

Ciwon ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu shan magani ba su kai mutum 1 cikin 10,000 ba. Duk da haka a 2023 an rubuta sababbin masu ciwon fiye da 180,000 a duniya, fiye da rabi a Indiya, fiye da 2,000 kuwa a Nijeriya. A cikinsu akwai yara, akwai kuma waɗanda ba su zo ba sai da hannu ya riga ya lalace.

To, ga abin da a ke roƙon hakimai. Su gargaɗi dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a alamar farko, watau tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, idan an shafa masa auduga mai shi ba ya ji. Duk wanda ya ga haka ya tafi asibiti, kada ya tsaya yana cewa ƙyasbi ne. A duba mutanen gidansa kuma, gama wani bincike a Bangaladash ya nuna shan rifamfisin sau ɗaya tak ya rage kamuwarsu da fiye da rabi cikin shekara biyu, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wannan rigakafi.

Malaman gunduma su taimaka a bi sawun wanda ya bar karɓar magani, cikin sirri da mutunci. A faɗa masa tun farko fitsarinsa zai yi ja, fatarsa za ta ƙara duhu, duk aikin maganin ne, za su wuce bayan ya gama. Idan jijiya ta kama shi da zafi ko tabon ya kumbura, ya koma wurin likita nan da nan. Wanda ƙafarsa ta mutu kada ya yi tafiya ba takalmi, ya riƙa duba ta kowane maraice.

Abu na ƙarshe, kada a kori mai shan magani daga kasuwa ko makaranta, kada a raba shi da iyalinsa. Inda a ke korar mutum ɗaya, na bayansa za su rufe tabonsu da riga har abin ya fi ƙarfinsu. Idan talakawa suka ga hakiminsu ya miƙa wa wanda ya warke hannu a bainar jama'a, mai ɓoye nasa zai sami ƙarfin zuciyar fitowa tun yatsunsa suna nan.