Mutum Ashirin, Jirgi Ɗaya: Shawara Ga Kazaure, Babura, Roni Da Gwiwa

 

Buƙatata ɗaya ce. Ina so mutum ashirin daga Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa su haɗa kuɗi, su sayo ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, irin wanda kamfani ya riga ya yanka sassansa ya zuba a akwati, su harhaɗa shi da hannunsu a nan, su mallake shi tare. Na hango masu murmushi a layin gaba. Ba laifi, na saba da shi a teburin kwamiti.

Kowa a zauren nan ya san al'adarmu ta bajekolin fasaha. Ɗalibi mai hazaƙa zai tattaro langa-langa da injin babur da kujerar tsohuwar mota, ya ƙera wani abu mai fukafukai. A gayyato babban baƙo, a kunna injin, farfela ta juya, a tafa, a ɗauki hoto, a yi alƙawari. Bayan damina biyu sai ka iske abin a bayan ɗakin gwaji, tsatsa ta cinye shi. Mafi shahara a irin wannan shi ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic har ya ɗaga daga ƙasa da 'yan ƙafafu, labarinsa ya zaga duniya. Ya yi abin a yaba masa. Laifin namu ne, mu malamai, da muka ɗauki wannan a matsayin hanyar shiga harkar jirgi, alhali alama ce kawai ta cewa akwai yaran da za a koya wa. Sama ba ta karɓar ƙiyasi. Kaurin kowane fallen alminiyam, nisan da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, inda nauyi ya zauna a jikin jirgi, duk lissafi ne da wasu suka yi, suka gwada, wasu ma suka rasa rayukansu kafin a tabbatar da shi.

Da zarar na faɗi haka sai abokan aikina su ce: to harhaɗa kayan Bature ai ba injiniyanci ba ne, aikin ɗaura noti ne. A kan wannan maganar zan daɗe, ku yi haƙuri.

A ƙarshen shekarun 1980 Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya tana neman abin da zai maye gurbin jiragen koyo samfurin Bulldog da ta sayo daga Birtaniya. Wani kamfani a Kaduna, AIEP, wanda daga baya ya zama Dornier Aviation Nigeria, ya ɗauko zanen RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka. Wane irin jirgi ne RV-6A? Jirgin akwati ne, irin wanda ma'aikaci mai ritaya yake haɗawa a garejin gidansa. An yi masa gyare-gyaren da suka dace da aikin horar da soja, aka sa masa injin Lycoming mai ƙarfin doki 180, aka raɗa masa suna Air Beetle. Na farko ya tashi a 1989, rundunar ta yi odar guda 60, aka harhaɗa su a Kaduna da hannun 'yan Nijeriya. Shekara da shekaru, matasan hafsoshin da suka koyi tuƙi a makarantar sojan sama ta Kaduna a cikinsa suka fara barin ƙasa. Wato jirgin da ƙasar nan ta fi kusa da cewa nata ne, a akwati ya zo. Duk mai raina jirgin akwati, Air Beetle yake rainawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai me ya biyo baya? Aka gama na ƙarshe, aka kashe fitila. Ba a zarce zuwa ƙera sassan a gida ba, ba a fito da samfuri na biyu da za a sayar wa makarantu ko maƙwabta ba, masu hannun da suka ƙware suka watse. Da buƙatar jiragen koyo ta sake tasowa, sai muka nufi Pakistan, aka ƙulla cinikin Super Mushshak guda goma a 2016.

Yanzu ku tambayi asalin Super Mushshak. Jirgin Suwidin ne, MFI-17 na kamfanin Saab. A shekarun 1970 Pakistan ta fara da harhaɗa shi daga sassan da aka aiko mata a akwati, daidai abin da muka yi a Kaduna. Bambancin, su ba su tashi daga kan bencin ba. Daga harhaɗawa suka koma ƙera sassa a masana'antarsu ta Kamra, daga nan suka sa masa injin da ya fi ƙarfi da sababbin na'urori, har ya zama hajar da suke sayar wa Saudiyya da Katar da Turkiyya, da mu. Ƙasashe biyu, mafari iri ɗaya, ɗaya tana sayarwa ɗaya tana saye. Ba a taɓa ba ni amsar wannan a kwamiti ba, sai dai a ce lokaci ya ƙure.

Abin da na karanta a labarin Air Beetle shi ne, aikin da ya rataya a kan odar gwamnati yana mutuwa ranar da odar ta ƙare. Shi ya sa ba gwamnati nake kira ba. Ƙungiya nake kira, masu kuɗinsu a ciki, waɗanda in jirgin ya kwana a rana su ne za su kasa barci.

Ba kuma sai soja ba. A Kpong ta ƙasar Gana, a gefen kogin Volta, an harhaɗa ƙananan jirage samfurin Zenith ana kai wayar da kan lafiya ƙauyukan tafki da su, kuma Patricia Mawuli, wadda ta shiga wurin tana aikin share filin jirgin, ta zama matuƙiya kuma ƙwararriya a injin Rotax. A 2019 wasu 'yan makaranta ashirin a Afirka ta Kudu suka haɗa Sling 4, aka tuƙa shi daga Cape Town har Alƙahira. Kamfanin Van's kaɗai, jiragensa sama da dubu goma ne mutane suka haɗa suka tashi da su.

Me ya sa nan? Ba sai na karanta muku abin da kuka fi ni sani ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure, Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana Babura tun 2021, layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure zai ratsa, kuma zai nemi masu hannun da suka san awo. Kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda ke aiki tun 1964, tafiyar yini ce a je a dawo. Filin jirgin Dutse da aka buɗe a 2014 yana da sarari, in ba lokacin jigilar alhazai ba. Kano kuwa tun 1925 jirgi yake sauka cikinta. Shekara ɗari muna kallon sama, har yanzu saurayin Roni ko Gwiwa da zai taɓa cikin fiffike da hannunsa sai ya bar yankin.

Mu zo kan kuɗi, tunda shi ake jira. Jirgin da nake nufi mai fiffike a sama ne, irin Zenith CH 701 ko ƙanensa CH 750, wanda gudun da yake yi kafin ya tashi bai kai tsawon filin ƙwallo ba, kuma yana sauka a turɓaya. Injinsa Rotax 912, ƙirar Ostiriya. Na zaɓe shi ne don dalili guda: fetur ɗin mota yake sha, kimanin lita 15 zuwa 18 a awa. Man ƙananan jirage na musamman yana da tsada da wuyar samu a ƙasar nan, har kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man manyan jirage. Wanda ya sayo jirgin da ba shi da mai, ado ya sayo. Mu ƙaddara komai da komai, da inji da na'urori da kwantena da kwastan da kayan aiki, ya tashi dala dubu 80; lissafin misali ne, masu kwamitin saye su za su kawo na gaske. A raba gida ashirin, dala dubu huɗu kowa. Ku leƙa wajen zauren nan, motoci 'yan Kwatano nawa ne suka fi haka? Kuma ba a tashi ɗaya ake biya ba. Kamfanonin nan kashi-kashi suke sayarwa: wutsiya, sannan fukafukai, sannan gangar jiki, inji a ƙarshe. Mutanen da suka san adashi da gayya ba sai an koya musu wannan ba.

Ana kawo mini suka iri uku. Wai ga talauci, ga makarantu ba rufi, ana maganar jirgi. Ban nemi ko kwabo daga baitulmali ba, kuma ban ga wanda ya je ya yi wa mai doki a hawan salla wannan wa'azin ba. Wai tsaro. Gaskiya ne an hana shawagi a sararin Zamfara a 2021, kuma Babura a bakin iyaka take. To jirgin da ke da rajista da lamba a jikinsa, wanda ba ya tashi sai hasumiya ta sani, shi ne abu mafi sauƙin sa wa ido a duk yankin nan, ya fi babur sau dubu. Wai haɗari. Wannan kam akwai shi. Binciken da hukumar haɗurra ta Amurka ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen da mutane ke haɗawa da kansu sun fi samun matsala a sa'o'in farko na tashi, galibi daga inji da hanyar mai, da kuma matuƙin da bai san jirgin ba. Wato an san inda ramin yake. A can doka ta ware awa 25 ko 40 na gwaji kafin a ɗauki fasinja, mu ma sai mu ɗora wa kanmu wadda ta fi tsanani.

Ga sharuɗɗan da ba zan sassauta ba.

Kafin a aika dala ɗaya waje, a rubuta wa Hukumar Kula da Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, a tambaye ta a rubuce yadda za ta yi wa irin wannan jirgi rajista da abin da za ta duba, a kuma nemi izinin shigo da kayan daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. In amsa ta yi jinkiri, a jira, a sake rubutawa. Kada a ce a fara, daga baya a san wanda za a gani.

A yi rajistar ƙungiyar gama kai, hannun jari ashirin, kowa ƙuri'a ɗaya. Malaman fiƙihunmu su zauna su rubuta yarjejeniyar a kan ƙa'idar musharaka, su fayyace tun yau yadda za a yi in mai hannun jari ya rasu magada suka zo, ko ya so sayarwa, ko ya kasa biya. Abin da ke kashe tarayya a ƙasar Hausa ba ya wuce waɗannan ukun, kuma kunya ce ke hana mu faɗinsu da wuri. Duk awa ɗaya da aka tashi, wanda ya tashi ya zuba wani abu a asusun inji, domin Rotax yana da wa'adin awa 2,000 kafin a yi masa babban gyara, kuma ranar za ta zo. Kada a ba mai riƙe da muƙamin siyasa shugabanci. Ya sayi hannun jari in yana so, ya zauna a benci kamar kowa.

Rumfar aiki ɗaya, makulli ɗaya, littafi ɗaya. An ba ni shawarar a raba: wutsiya a Babura, fiffike a Kazaure, don kowa ya ji an yi da shi. Wannan rabon muƙamai ne, jirgi ba ya son sa. A kawo almajiran aiki daga ƙananan hukumomin huɗu, maza da mata, a haɗa su da tsofaffin masu gyaran jikin mota da masu walda, amma a gaya wa kowa cewa a nan ba a cewa "ya yi, ba komai". Duk ƙusar da aka buga a rubuta, duk wadda ta karkace a cire. Injiniya mai lasisi ya zo daga Zariya ko Kaduna ya duba cikin fiffike kafin a rufe shi, a biya shi kuɗinsa cikakke. Kuma ina roƙon a nemo waɗanda suka yi aikin Air Beetle da ke da sauran ƙarfi, a ɗauko su da mota, a ba su masauki, su zauna da yaran nan.

Tashin farko a Dutse ko Kano, matuƙi ƙwararre shi kaɗai a ciki, ba taro, ba kalangu. A tace fetur, a gwada shi kowace safiya. Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, jirgi ya zauna a rumfa, a yi masa gyara. A zafin Afrilu iska takan yi sauƙi, jirgi ya yi nauyin tashi, don haka sai da sassafe. Ba haya, ba ɗaukar amarya, ba watsa takardun kamfe. Aikinsa horo, da duba shingen itatuwa da gonaki da madatsun ruwa irin na Ayuba ga wanda hukuma ta amince.

Matakin farko ba ya cin kuɗin kirki: kamfanin Zenith yana sayar da sassan filafilin wutsiya kaɗai ga mai son gwada hannunsa, aikin kwana biyu ne. Ƙungiya ta sayi wannan, ta haɗa, ta kai wa injiniya ya auna. In ya ƙi shi, a sake sayen wani. Takarda tana wurin sakataren taro, mai so ya rubuta sunansa da sana'arsa da garinsu kafin a tashi.